Awon da Dogo Ya Bayar

Saura mu huɗu a gasar ɗinki ta talabijin. Doka ɗaya ce ba ta canzawa: duk abin da Murya ta faɗa a 'yar na'urar da ke kunnenka, yi kawai. Sauran dokokin kuwa kullum sabo. Yau bibbiyu ake ɗinki, gobe kowa tasa ta fisshe shi.

Dogo ne abokin ɗinkina. A sati na biyu ya auna ni, ya ɗora min tef a kafaɗa.

"Malama, daina numfashi, kina ɓata min lissafi."

Tun ranar muka yi alkawari: ko me aka canza, ba mai kiran sunan wani don a fitar da shi.

Ana gobe zagayen ƙarshe, dab da magariba, Murya ta ce in je ɗakin ajiya in ɗauko sabuwar doka. Na sa almakashina a aljihu na tafi.

Ba kyamara ko ɗaya a hanyar. Warin man keken ɗinki. Warin yadi da ya ƙone.

Na tura ƙofa. Keken ɗinki na tafiya, ba kowa a kujerar. Farin yadi yake ci, dogo, ba wuya, ba aljihu.

Ƙofar ta rufe.

"Sabuwar doka," in ji Murya. Ba a kunnena take ba yanzu. A ƙeyata take. "Wanda aka kira sunansa zai zauna da mu."

Wata tsohuwar talabijin ta kunna kanta. Ga Dogo a tsaye a wannan ɗakin, da rigar da ya sa jiya, yana kallon yadin. Ya kira sunana. Aka ce ya ba da awona.

Kafaɗa. Tsawo. Bai duba takarda ba.

Yadin ya zamo ƙasa daga keken, ya nannaɗe min ƙafa. Sanyi kamar ƙanƙara. Allura ta kama hannun rigata.

"Kira nasa," Murya ta raɗa. "Sai ki fita."

Sunan yana kan harshena. Na san awonsa ni ma.

Na ambaci Allah, na zaro almakashi, na datse hannun rigar. Na bangaje ƙofar da kafaɗa.

Na ruga wajen mai shirya gasar, ya karɓi na'urar, ya buɗe. Ba batir a ciki. Ya ce ba su aike ni ko'ina ba.

Na sami Dogo yana guga.

"Na zaci fitar da ke kawai za a yi," ya ce, bai ɗago ba.

"Ka ga yadin, Dogo."

Ya ci gaba da guga har rigar ta fara hayaƙi.

Shi ya ci gasar. Ni ina ɗinki a gida yanzu. Idan zan yi wa kaina riga, da ido nake yankawa, ko da za ta yi min yawa. Ba wanda ya ƙara ɗora min tef a kafaɗa.