Ofis a Cikin Matacciyar Mota

"Ba a gidana ba!" Baba ya buga sandarsa a ƙasa har kofin shayi ya kife. "Ko ta bar yaren nan, ko ta bar gidan nan!"

Malama ta rufe littafin, hawaye shar-shar. Ba ta daɗe da aure ba, a gidan surukinta suke zaune. Aikinta ke nan a jami'a, koyar da littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da Faransanci bayan tafiyar Turawa, ga digirin dakta a gabanta. Ita kuma ba ta iya karatu a zuci, sai ta ɗaga murya.

Mijinta, wani bakanike mai sanyin hali, ya bi ta ɗaki.

"Dakta, share hawayenki. Ba zan rabu da ke ba, ba kuma zan yi wa Baba musu ba."

"Ni ma wallahi ba zan bar karatuna ba!"

"Gidansa ya ce. Bai ce titi ba."

Akwai wata tsohuwar mota a ƙofar gida, ba taya ba inji. Ya share ta, ya ɗora katako a kan sitiyari. Ofis ya samu! Zafi, ruwan sama, tsokanar maƙwabta — "Direba, ina muka nufa yau?" — duk ta shanye. In ta shiga gida kuwa Hausa zalla, ta durƙusa ta gaida Baba, shi ko ya kau da kai.

Ran nan Baba ya tarar da ita a motar tana karatu tana kuka. Ya tsaya jikin taga.

"Me suka ce miki kike kuka?"

"Baba, labarin wani yaro ne. A makaranta aka rataya masa ƙashin jaki a wuya don ya yi yaren uwarsa."

Baba ya shafa wuyansa.

"Mu a makarantar Turawa, namu na akuya ne," ya ce. "Wuni na yi da shi don na nemi ruwa da Hausa. Ashe an rubuta? Da yarensu?"

"Da yarensu, Baba, don su karanta abin da suka aikata."

Da hannunsa ya buɗe mata ƙofa. "Fito, 'yata. Mu shiga ciki ki ƙarasa min."

To 'yan mata, ku ji da kyau: faɗan babba wani lokaci ciwo ne da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Malama ta yi haƙuri, ba ta saki aurenta ba, ba ta saki karatunta ba, ga shi har uba ta samu.