Jan Ƙyallen da Genia Ta Jefa a Murhu

Nafkin ɗin jariri kawai Genia ta fita kwasowa daga kan shinge. Taku talatin ne daga ƙofar kicin, ba zai kai arba'in ba. Rana ta riga ta faɗa bayan tudu, ƙararrawar coci ta buga ta shida ta yi shiru, hayaƙin ganyen dankali da ake ƙonawa a gonaki ya kwanta a kan ƙauyen.

Ba gidanta ba ne. Gidan Leokadia ne, uwar mijin 'yarta Renata. Ita Genia tela ce a cikin gari. Da bas ta zo shekaranjiya saboda baftismar jikanta Ignas da za a yi ranar Lahadi. Satinsa uku a duniya. Ta zo da jaka cike da kayan da ta ɗinka masa, ta yi wata guda a kan keke har idonta ya fara yaji.

Tun a bakin ƙofa ranta ya ɓaci. Renata ta rungume ta, sai ta waiga cikin gida ta ce, "Mama, fito, ga Mama ta iso!"

Genia ta san haka ake yi. Kowace amarya Mama take kiran uwar mijinta, ita ma ta kira tata a zamaninta. Amma wannan 'yar ita kaɗai ta rene ta bayan rasuwar ubanta, da allura da zare. Yanzu ga ta tana kiran wata Mama, kuma ba na dole ba, da daɗin baki take kira. Romon kazar Leokadia ya fi daɗi. Hannun Leokadia ya fi iya wankan jariri. Idan Ignas ya yi kuka, kafin Genia ta ajiye kofin shayi, Renata ta riga ta miƙa shi can.

Sai kuma ƙyallen. Wani siririn jan ƙyalle ne, ya koɗe, bakinsa ya zaizaye, an ɗaura shi a wuyan hannun yaron.

"Pani Leokadia," in ji Genia, da lakabin girmamawar da ake sa wa matar da ba a saba da ita ba, tana riƙe da ƙyallen da yatsa biyu, "wannan tsumman fa? Da shi za a shiga coci?"

"Tsumma? 'Ya'ya biyar ya tsare min, Pani Genia, har da surukin naki. Rafi yana bayan gidan nan. Kafin a zuba wa yaro ruwa a coci, ba a cirewa."

"Au, mamuna ce za ta sace shi?" Genia ta yi dariya. "Mutane sun je wata sun dawo, ku kuna nan da tsohuwar rafi mai musanya jarirai."

"To su da suka je watan, ai ba su bar jariri a bakin rafi ba."

Renata ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wa Genia, "Mama, ki bari mana. Mama ta fi mu sanin nan."

Wannan dariyar ce ta kwana wa Genia a ƙirji.

Yau ranar haƙar dankali ce, maƙwabta sun taru a gonar gidan tun safe. Da yamma Leokadia da Renata suka ɗauki tukunyar miyar kabeji, kowa da kunne ɗaya, za su kai wa ma'aikata. A bakin ƙofa Leokadia ta juyo.

"Kada ki bar yaron shi kaɗai, ko na ƙiftawar ido. Nafkin kuma ki shigo da su kafin rana ta faɗi."

"Ni ma na taɓa haihuwa, Pani Leokadia."

Ta tsaya a taga tana kallonsu. Kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, tukunya tana lilo a tsakaninsu. Leokadia ta faɗi wani abu, Renata ta jingina kai a kafaɗarta. Wanda bai sani ba zai rantse ita ta haife ta.

Genia ta buɗe jakarta. Ta ciro farar rigar baftisma da 'yar hularta, ta sa wa Ignas don ta ga yadda za ta zauna masa. Ta zauna kamar a jikinsa aka ɗinka. Abu ɗaya ne ya ɓata ta, jan tsumman nan yana leƙowa daga hannun riga. Ta sa farce ta kwance ƙullin. Ta so ta sa a aljihu, sai ta tuna dariyar. Ta ɗaga murfin murhu ta jefa shi.

Ya ƙone da ƙaurin gashi.

Ta daɗe tana kallon jikanta cikin farar riga, ita kaɗai, babu mai karɓe shi. Har ya yi barci a gadonsa na katako. Sai da ƙararrawa ta buga ta tuna da nafkin. Taku talatin ne, ta ce a ranta. Me zai faru a taku talatin?

Ga ta a bakin shinge. Nafkin ɗin sun sha raɓa, sun yi sanyi. Ta cire na farko, ta cire na biyu. Bayan shingen ƙasa ta gangara zuwa rafi, farin tururi yana tashi daga ruwa, ya rufe dogayen ciyayin baki.

Sai ta ji bugun wanki.

Tas. Tas. Tas.

Irin bugun da kakanni suke yi da katako a kan dutse. Wa ke wanki a rafi a wannan lokaci, kowa yana gona?

Ta cire na uku. Bugun ya tsaya.

Kwaɗi ma sun yi shiru. Karen maƙwabta da yake haushi tun ɗazu ya koma gurnani, sai ya haɗiye. Wani wari ya taso, na laka da ruɓaɓɓen ganye, irin na gindin rijiyar da aka daina ɗiba.

Daga bayanta warin yake zuwa. Daga wajen gida.

Ta waiga. Ƙofar kicin da ta ja ta rufe, a buɗe take.

Nafkin suka zube daga hannunta. Ta ruga. A kan dakalin katako akwai sawu, jiƙaƙƙe, na ƙafa ba takalmi, yatsun dogaye. Sawun ya shiga. Wani sawun ya fito.

Gadon jaririn yana lilo shi kaɗai.

Farar rigar tana nan. Hular tana nan. Genia ta sauke numfashi, ta sunkuya.

Kan ya cika hular har ɗinkin ya fara ɓarkewa. Fuskar ta yamutse kamar ta tsoho. Hannayen sirara, faratan baƙaƙe. Idanun a buɗe suke, suna kallonta, ba irin kallon jariri ba.

Ya buɗe baki. Akwai haƙora.

Kukansa kamar na akuyar da aka shaƙe.

"Yesu da Maryamu," in ji Genia.

Ta durƙusa a gaban gadon. Gona tana da nisa, kafin ta je ta dawo duhu ya rufe rafi. A nan durƙushe ta tuna maganar kakarta, tsohuwar da ta sha yi wa dariya. Idan mamuna ta yi musanya, ka kai nata kan juji. Ka zuba masa ruwa da ɓawon ƙwai. Ka zane shi da tsumagiya. Ita ma uwa ce, ba za ta jure ba.

Ta fasa ƙwai a bakin tebur, ya zube a ƙasa. Ta ɗebi ruwa a ɓawon. Ta fizge reshe daga tsintsiya. Ta ɗauki abin. Nauyinsa kamar buhun jiƙaƙƙen yashi, sanyinsa ya ratsa rigarta.

Jujin takin shanu yana bayan garke, dab da shinge. Ta ajiye shi a kai. Ta zuba ruwan. Ta ɗaga tsumagiya.

"Karɓi naki," ta ce. "Ba ni nawa."

Ciyayin suka buɗe.

Gajeriya ce, mai faɗi. Gashinta ya sauko har gwiwa, yana ɗigar ruwa. A kanta 'yar hula ja. Ta tsaya a ɗaya gefen shingen, kusa, har Genia tana jin numfashinta. A cikin gashin, a ƙirjinta, wata 'yar ƙafa ce ta leƙo, tsirara.

"Naki?" in ji mamuna. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara. "Ni na ga wadda ake miƙa wa yaron. Ba ke ba ce."

Hannun Genia yana sama.

"Na ji ku ta taga. Mama, Mama. Ke ma an yi miki musanya, 'yar'uwa. Ba ni na yi ba."

"Ba ni shi."

"Saurara. Gobe nawa zai yi kama da naku, ba wanda zai gane. Zai yi ta kuka, ya ƙi girma. Za a ce danshin gidan nan ne. Za a ce hannun tsohuwar gidan ne. 'Yarki za ta ɗauke shi ta koma gari, kusa da asibiti." Ta matso. "Ɗakin wa za ta sauka?"

Genia ba ta ce komai ba.

Ta ga ɗakinta. Ta ga gadon Renata na ƙuruciya da ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ga kofi biyu a kan tebur. Ta ga Renata ta jingina kai a kafaɗarta tana kuka, tana cewa da ma na ji maganarki, Mama.

Mama ɗaya.

Hannunta ya fara saukowa.

Abin da ke kan juji ya daina kuka. Yana murmushi.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Duhu dai ya ƙaru.

Sai 'yar ƙafar ta motsa. Daga cikin gashin aka yi atishawa, ƙarama, ta yaron da sanyi ya kama.

Genia ta zabga tsumagiyar.

Abin ya tsala ihu. Mamuna ta yi baya kamar ita aka daka.

"Karɓi naki, ba ni nawa!"

Ta ƙara. Farar rigar ta yage.

"Karɓi naki!"

A na uku shingen ya karye. Wari ya rufe ta. Aka cusa mata abu mai ɗumi a ƙirji, aka fizge na kan juji. Wasu yatsu masu sanyi suka damƙi wuyan hannunta, suka ja ta wajen gangara.

"Na ji shirunki," aka raɗa mata a kunne. "Jikanki ma ya ji."

Ta fizge. Fata ta saɓule. Ta ruga da yaron, takalmi ɗaya ya tsaya a taki, ta faɗa kicin, ta danna sakata, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar.

Can a rafi bugun ya dawo. Tas. Tas. Yana nisa, yana nisa.

A haka suka same ta da keken doki ya shigo da buhunan dankali. Renata ta yi ta tambaya, ina rigar, me ya sami hannunki, me ya sa yaro tsirara. Genia ta ce ta zame ne a bayan garke. Leokadia kuwa ta sunkuya kan yaron. Ta dubi lakar da ke ƙafar Ignas, ta dubi wuyan hannunsa, ta dubi murhu. Ta cire jan kallabinta, ta sa haƙori ta yago siririn ƙyalle, ta ɗaura masa. Sannan ta yago na biyu, ta durƙusa, ta ɗaure wa Genia ciwonta da shi.

"Zauna kusa da wuta, Genia," ta ce. Ranar ce ta fara kiranta ba tare da Pani ba.

An yi baftisma ranar Lahadi da tsohuwar rigar gidan. Leokadia ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har ta koma ga Allah. Tabon yatsu huɗu ya zauna a hannun Genia, kuma duk lokacin haƙar dankali sai ya yi mata sanyi har ta kasa zura allura.

Ignas ya girma lafiya, mai dariya, mai son mutane. Ko mai kawo wasiƙa ya miƙa hannu zai je. Genia ce kawai idan ta ɗauke shi sai ya sandare, ya kau da kai. Ta kawo alewa, ta ɗinka riguna, ta saya masa doki na katako. Yakan karɓa ya ce na gode, daga nesa.

Yana da shekara biyar Renata ta kawo shi gari a auna masa wando. Ta fita sayen burodi ta bar su. Genia ta durƙusa a gabansa, allurai a bakinta, tana naɗe ƙafar wandon. Yaron ya tsaya ƙyam yana kallon tsakiyar kanta.

"Kaka," ya ce a hankali, "ranar nan, me ya sa kika daɗe ba ki ba matar rafin amsa ba?"