Guntayen Takardun Consuelo

Yamile na zaune a kicin ta baza guntayen takardu masu zanen furanni a kan tebur, sai ga Doña Aurelia ta faɗo gidan ko gaisuwa babu. Yamile ta san ta sarai: ita ce mahaifiyar Consuelo, matar mijinta Efraín ta fari, wadda ta rasu ta bar 'ya ɗaya, Dayana.

"Wa ya ba ki izinin buɗe akwatin nan?"

"Sannu da zuwa Mama, bari in haɗa miki kofi..."

"Riƙe kofinki! Kin gaji mijin 'yata, kin gaji ɗakinta, yanzu kuma almakashi kika sa wa kayanta?"

Albam ne na hotuna Consuelo ta fara haɗa wa Dayana tun tana jaririya, ciwo ya tsayar da ita a tsakiya. Ga bikin cikar yarinyar shekara sha biyar ya matso, Yamile ta so ta ƙarasa mata. Ta zaga shagunan garin Manizales kaf, an daina kawo irin takardun. Dole ta koma kan ragowar, tana yanka su siri-siri, tana yi wa hotuna baki da su, don kowane shafi ya samu ɗan abin da uwar ta taɓa.

Ana cikin haka Efraín ya dawo daga gareji. Tsohuwa ta rungume albam ɗin tana kuka.

"Ko ta bar gidan nan, ko in tafi da jikata. Ka zaɓa!"

Efraín ya sunkuyar da kai. "Yamile, ki je wurin yayarki ki ɗan kwana biyu, har ta huce."

"Har da kai, Baban Dayana?"

Ya kasa ɗago ido. Yamile ta tattara guntayen takardun. Ta rufe kwalbar gam, ta nuna masa inda abincin yarinyar yake, ta fita hawaye na zuba.

Kwana biyu suka zama makonni. Efraín ya rame. Dayana ta ce ita ta fasa fati. Ranar wata Lahadi ta je gidan kakarta, ta tarar da albam ɗin da tsohuwar ta ɗauko a kan gado, ta hau buɗawa. Can ta ƙwala kira.

"Kaka! Zo ki gani. Hoton nan na asibiti, lokacin da aka yi mini tiyata, wa ke riƙe da ni?"

Tsohuwa ta gyara tabarau. Hannu kawai ake gani. An rufe mai hannun da takarda mai furanni.

"Anti Yamile ce! Nan ma ita ce, ranar da na gama firamare. Duk inda ta fito ta rufe fuskarta da takardar mamana. Ita ce kike cewa tana son ƙwace wurin 'yarki?"

Doña Aurelia ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana shafa shafin. Sannan ta kira Efraín ya zo da mota.

A ƙofar gidan yayar Yamile, Efraín ya durƙusa. "Na ci amanarki, Yamile. Tsoro ne ya sa na kasa kare ki. Ki yafe mini."

Tsohuwa ta kama hannunta. "'Yata, ciwon rashi ne ya rufe mini ido. Ki dawo. Kuma ki sake wanko hotunan nan, ki bar fuskarki a waje. Jikata uwa biyu gare ta."

Yamile ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Wanda baƙin ciki ya cika wa zuciya yakan huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Da Yamile ta rama, da gidan ya watse. Haƙurinta ne ya mayar mata da miji da 'ya, ya ƙara mata da uwa.