Ɗaya, Uku, Huɗu, Biyu

Har yau in na ji inji yana mis, yana ɗingishi yana kakkarwa, sai raina ya ɓaci, don Obrad nake tunawa. Shagona na faci yana manne da garejinsa a bakin hanyar garin Negotin. Ni na riƙe 'yarsa Nevena ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kum, wato amini na baftisma. Bakanike ne mai hannu, amma in ya ga wani ya samu, ranar abinci ba ya masa daɗi.

Motar wani ɗan garinmu mai aiki a Austiriya ce ta jawo komai. Tana mis. Obrad ya canza fulogi, ya canza waya, ya canza kwail, ya wanke nozul, ta ƙi. Ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera ta, ta ƙi. Mai ita ya gaji, ya kai ta sabon gareji mai kwamfuta, aka ce wani tiyo ne ya tsage yana shan iska. Da zai koma sai da ya tsaya a gabanmu ya sauke gilas.

"Maigida, ka gwada gyaran keke mana, shi ba ya mis!"

Na yi dariya, Obrad bai yi ba. A makon nan ya hau dutse wajen tsohuwa Kosara bokanya, wadda ke zaune a kangon gidan niƙa a bakin rafi. Abin da aka yi a can daga bakinsa na ji shi, bayan bakin alƙalami ya bushe.

Ya ce tsakar rana ce, amma ciki duhu da sanyi kamar rijiya. Kyandir na kakin zuma yana ci a kan dutsen niƙa. Ga akushin ruwa da ganye a ciki, ga wuƙa mai baƙin ƙota, ga jan zare ta ko'ina an ɗaure takalman yara da shi.

"Iya, dukiya nake so. Duk injin da na ɗora wa hannu ya daidaita."

"Ciwon da ka cire masa fa, ina za shi?"

"Ya tafi inda ya ga dama."

"Ba shi da dama, ɗana, inda aka nuna masa yake zuwa. Ban da kai, ku nawa ne a gida?"

"Huɗu. In jini za ki ce, in tashi."

"Wa ya ce maka jini? Gashi kawai, sili ɗaya ɗaya, da sababbin fulogi huɗu."

Washegari ya kai. Ta naɗa gashin a jikin fulogin bisa shekaru: na fari mahaifinsa Svetozar, na biyu matarsa Radmila, na uku ɗansa Vukan, na huɗu Nevena. Ta tsoma su a ruwan, ta gitta wuƙar a kai tana magana ƙasa ƙasa, ruwan ya hau tafasa ba wuta. Ta ce ya ɗaura su a tsohon inji mai silinda huɗu, ya tayar, kada ya bari ya mutu.

"Me zai same su?"

"Kai ne bakanike. Ranar da ka ƙoshi, ka murɗa makulli ka kashe, kowa ya huta. Amma abin da ka tara zai bi ruwa, kuma ko sifana ba za ka ƙara riƙewa ba."

Mutum mai hankali da nan ya tsaya ya sake tambaya. Obrad ya zuba fulogi a aljihu ya sauko.

Ya kafa injin a ɗakin baya, ya garƙame ƙofa. Daga nan sai abin mamaki. Mota ta zo tana rawa, ya buɗe bonet, ya dafa, ta yi luf. Kafin damina ta zagayo, motoci masu lambar Jamus da Austiriya sun yi layi har sun toshe mini ƙofar shago. Ya gina bene, ya kafa zakunan siminti biyu a bakin ƙofa. Ta bango kuwa kullum ina jin injin nan yana gurnani.

Tsoho Svetozar ne ya fara. Ana cin gasasshen rago ranar bikin waliyyin gidansu, ya dafe ƙirji ya ce zuciyarsa tana tsallake. Bai ƙarasa lomar ba ya cika. Muka ce tsufa ne. Sai Vukan, saurayi majiyi ƙarfi, ya fara katsewa a tsakiyar magana, jikinsa ya fizge, ya ci gaba. A ƙarshe sai a ɗaure aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, yana kukan inji da baki.

Sai Nevena. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce bai ga komai ba, alhali in ka riƙe hannunta kana jin bugun yana tsayawa yana tashi. Ranar Obrad ya jawo ni ɗakin baya, ya zayyane mini komai. Injin yana kakkarwa a kan katako, silinda biyu sun mutu.

"Da na ga Radmila lafiya lau, sai na ce ba shi ba ne," in ji shi. "Na manta wutar inji ba a jere take bin silinda ba. Ɗaya, uku, huɗu, biyu, kum. Haka take bi."

"To me kake jira? Ga makulli nan, kashe!"

"Tsaya, ba ka san inji ba."

"Na san 'yarka! Kashe, don Allah!"

"In kashe in koma me? Gyaran keke?" Ya kama wayoyin fulogi biyu. "Zan musanya ta huɗu da ta biyu. Radmila ta fi ƙarfi, za ta jure kafin in gano bakin zaren."

"Matarka fa kake faɗa, la'ananne!"

Na kai hannu kan makullin, ya hankaɗe ni na faɗi a bakin ƙofa. Har yanzu takaicin yana cina, don kowa a garejin duniya ya sani, in ka musanya waya biyu, silinda biyu ka kashe. Shi ma ya sani. Kwaɗayi ne ya mantar da shi.

Injin ya yi tari, ya tofo wuta ta kafireto, ta kama jarkar fetur. A daidai lokacin muka ji faranti sun tarwatse a kicin. Da na isa, Radmila da Nevena suna kwance gefe da gefe ba rai, tukunyar wake tana tafasa a kan murhu.

Gobara ta ci gareji da bene, zakunan siminti kaɗai suka rage. Obrad bai mutu ba. Yana nan zaune tsakanin zakunan da ƙonannun hannuwa, duk motar da ta wuce sai ya karkata kunne yana ƙirga lambobin nan huɗu.

Kai da kake neman dukiyar dare ɗaya, ka sani duk wanda ya ce zai cire maka wahala, wani wuri zai ajiye ta, kuma gidanka ya fi kusa. Obrad an ba shi makulli a hannu, murɗawa ɗaya ce tsakaninsa da ran 'yarsa, ya ƙi.