Ciyawa Mai Raɓa

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya da take zaune da kakarta. Duk abin da suka mallaka zomaye bakwai ne. Su ne cinsu, su ne suturarsu.

Kullum tsohuwar takan ce, "Ke 'yar nan, ciyawar safe sai ta sha rana. Mai raɓa kumbura musu ciki take yi."

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da kaka. Yarinya ta yanko ciyawa jiƙe sharkaf, sai ga ƙawayenta a bakin ƙofa.

Suka ce, "Uwar zomaye, za ki tsintar ɗinya, ko sai 'ya'yan naki sun ba ki izini?"

Ta dubi ciyawa, ta dubi ƙawaye, ta sake duban ciyawa. Sai ta watsa wa zomayen ita, ta fice a guje.

Da azahar ta dawo ta tarar da zomayen kwance, ciki kamar ganga. Ta taɓa wannan, shiru. Ta taɓa wancan, shiru. Haka har bakwai.

Daga ɗaki kaka ta yi kira, "'Yar nan, jikin da sauƙi. Zo ki kama ni in leƙa su."

Yarinya ta share hawaye, ta shiga, ta kama hannunta. Tsakanin ɗaki da akurkin zomayen taku goma ne kacal.