Wa Ya Riga Taɓa Ƙasa?

Ranar kasuwar Gure ce, rumfar Nafi'u mai gyaran salula ta cika maƙil da samari, kuma babu ko ɗaya da ya kawo gyara. Gardamar kokawa ce ta tara su, kamar kullum.

Shi dai Nafi'u siriri ne, in iska ta taso da ƙarfi har tausayinsa za ka ji. Bai taɓa sa ƙafa a fage ba, amma a baki babu ƙaton da bai kayar ba. Ya san wa ya kama wa, a wane gari, da makaɗin da ya yi kiɗa ranar. Shi ne ma shugaban gurup ɗin masoya kokawa na WhatsApp.

Ran nan tsohuwar maganar Barmo aka tono. Barmo shi ne gwarzon Gure a zamaninsa. Shekara wajen talatin ke nan da ya kara da wani Dogo daga yamma, a karon da zai fitar da wanda za a tura neman takobi, kyautar zakaran kokawa na ƙasa baki ɗaya. Suka tafi ƙasa tare, alƙalin wasa ya ɗaga hannun Dogo. Barmo bai sake shiga fage ba, kuma tun ranar mutanen Gure suke cewa zalunci aka yi.

"Ku bar son kai!" in ji Nafi'u, yana buga tebur. "Na kalli tsohon bidiyon nan ya fi a ƙirga. Kafaɗar Barmo ce ta riga taɓa ƙasa. Ya sha kaye, a daina yi wa tsoho ƙarya."

"Salamu alaikum. Mai gyara yana nan, ko duk alƙalai ne?"

Ya ɗago. Wata budurwa ce doguwa, wankan tarwaɗa, da mayafi ruwan toka, tana miƙo waya mai fasasshen gilashi.

Ya karɓi wayar da hannu biyu. "Wane suna zan liƙa a jiki?"

"Hamsatu."

"Hamsatu wa?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Hamsatu Barmo."

Samarin nan suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna an aike shi, wancan ya tuna bai yi azahar ba. Nafi'u kuwa ya ji kamar shi ma ya bi su, don a Gure ko yaro ya san Barmo ba ya dariya, kuma har yau shi kaɗai yake riƙe bijimin da ya kufce wa mutum uku.

Da ta dawo karɓar wayar, ya fara ba da haƙuri tun kafin ta gama sallama.

Ta yi murmushi. "Ni ba ni ka kayar ba. Amma ka yi addu'a kada ta kai kunnen Baba."

"Ba za ki faɗa ba?"

"Sai na ga yadda gyaran ya yi."

Gyara dai ya yi kyau. Da yamma saƙonta ya shigo: "Mai takobin baki, waya ta tashi. Na rufa maka asiri."

Ya amsa: "Allah ya rufa naki. Amma ni kin bar ni da wata lalura, tun ɗazu na kasa ɗaura ko kusa ɗaya."

"Ka je likita."

"Likitar ce take turo mini saƙo."

Daga nan aka fara. Damina ta shigo ta same su suna soyayya mai sanyi. Yana ce mata Hamsana, tana ce masa Takobi. Duk ranar kasuwa sai ta biyo da dabinon lambun babanta a ƙulle cikin leda, ta ajiye a gefen tebur kamar mantuwa. Shi kuma ko an tayar da maganar Barmo a gurup sai ya yi gum.

Sai dai abin da ya riga ya faɗa yana nan a wayoyin mutane. Kuma akwai Zubair.

Zubair ɗan kokawa ne, yaron Barmo, shi ya koya masa kamu tun yana ƙarami. Wuyansa kamar turmi. Ya daɗe yana son Hamsatu, ita kuma ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Bara a fagen garin Kelle ya ɗaga wani saurayi ya maka da ƙasa, har yau da sanda yaron yake tafiya. Da Zubair ya ji kawun Nafi'u zai je neman aure, sai ya lalubo wani tsohon vokal, saƙon murya na Nafi'u a gurup, ya kai wa Barmo har lambu, ya kunna masa.

Kawu ya je da goronsa, ya dawo da goronsa. "Bai ce e ba, bai ce a'a ba," ya gaya wa Nafi'u, yana share gumi. "Cewa ya yi kai yake son gani, kai kaɗai, a lambu. Ɗan nan, me ka yi wa mutumin nan?"

Lambun Barmo yana cikin wani kwari tsakanin tuddan rairayi, dabino da rake sun rufe shi. Nafi'u ya gangara shi kaɗai. Ya tarar da tsohon yana saran itace, ya durƙusa nesa da gatarin.

"Ina wuni, Baba."

Barmo ya sa hannu a aljihu. Ya kunna waya, muryar Nafi'u ta fito tar a cikin shirun lambu: Barmo ya sha kaye, a daina yi wa tsoho ƙarya.

"Muryarka ce?"

"Tawa ce, Baba. Ka yi haƙu..."

"Ka taɓa kokawa?"

"A'a, Baba."

"Ko ta yara, a bakin rijiya?"

"Ban taɓa ba."

Barmo ya jingina gatarin da dabino. "Bayan girbi za a buɗe fage. Za ka shiga da Zubair. Ban ce ka kayar da shi ba, ka shiga dai a kama ka. In ka fito sai mu yi magana. In ba ka zo ba, kada ka sake bin hanyar gidana."

Nafi'u bai san yadda ya hau tudun nan ya koma gari ba.

Labari ya karaɗe Gure kafin rana ta faɗi. A fada, majalisar hirar samari, ana dariya, amma dariyar ba ta nisa, sai wani ya ambaci yaron Kelle ta yanke. Mahaifiyar Nafi'u ta yi kuka ta ce mata ba su ƙare a duniya ba. Inna Habsu, mahaifiyar Hamsatu, ta roƙi mijinta har ta gaji. Ya ce da ita ya gama magana.

Zubair kuwa ya tsiri wucewa ta gaban rumfa. Zai tsaya, ya ƙare wa wuyan Nafi'u kallo kamar mai taya rago, ya wuce. Nafi'u ya daina cin abinci, ƙaramin sukurun waya ma ya gagare shi kamawa.

Hamsatu ta turo masa: "Don girman Allah kada ka shiga. Na san Zubair, ba kokawa zai yi da kai ba, huce haushi zai yi. Na yafe auren."

Kalmar ƙarshen nan ta soke shi. Ya rubuta: "Kin yafe? To ki faɗa mini gaskiya in shi kike so, ba sai an karya ni a banza ba."

Washegari sai ga ta a rumfa, idanunta sun kumbura.

"Ni za ka gaya wa haka, Nafi'u?" Rabon da ta kira sunansa har ya manta. "Na je Kelle da Inna duba yaron nan. Na ga uwarsa tana ɗaga shi kamar jariri. Gara in gan ka da matar wani gari kana tafiya da ƙafarka."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Hamsana. Tsoro ne ya sa ni faɗin haka. Wallahi tsoro nake ji, ko barci ba na yi."

"To ka fasa."

"In na fasa, kullum zan riƙa ganin ki kina wucewa ta nan, ba ki tsayawa. Wannan ma ina tsoronsa, kuma shi ba ya ƙarewa."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da za ta tafi ta ce, "In ya kama ka, kada ka sake shi. Baba yana cewa wanda aka ɗaga ya saki, shi ake karyawa. Ka manne masa kamar kaska."

Aka yi girbi, aka buɗe fage a bayan gari bayan la'asar. Mutane har daga Kelle da Alakos, wasu a kan raƙuma, wasu a kan rufin mota. Makaɗa suka saki ganga, Zubair ya fito jikinsa duk guraye da layu, yana kirari yana watsa rairayi sama. Mata suka yi guɗa.

Sai aka kira Nafi'u. Ya fito da gajeren wando na aro, haƙarƙarinsa a fili, ba laya ba kirari. Makaɗin ya rasa me zai kaɗa masa, ya sassauta hannu. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Innalillahi, wannan ai kisan kai ne!"

Hamsatu tana cikin mata, ta damƙe hannun Inna Habsu. Barmo yana zaune a gaba, fuskar nan kamar an ɗaure ta da igiya.

Alƙali ya busa usur. Nafi'u ya sunkuya yadda ya ga ana yi a bidiyo. Bai ga tahowar Zubair ba. Ya dai ji an cafki ƙugunsa, numfashinsa ya ɗauke, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya ga kawunan mutane a ƙarƙashinsa, ya ji ihun mahaifiyarsa daga can nesa.

Ya rufe ido ya rungume wuyan Zubair da hannu biyu, ya naɗe ƙugunsa da ƙafafu. Zubair ya girgiza, bai saki ba. Ya sake girgizawa, ya juya zai maka shi, nauyin ya ja shi, ƙafarsa ta nutse a rairayi. Suka tafi ƙasa tare, ƙura ta tashi.

Wani abu ya yi ƙas a kafaɗar Nafi'u.

Fage ya kaure. Wasu na ihu Zubair ya kayar, wasu na rantsuwa gwiwar Zubair da goshinsa ne suka riga sauka. Samarin gurup sun ɗaga wayoyi kowa na nuna nasa bidiyon. Alƙali ya tsaya da usur a baki yana waige-waige.

Barmo ya tashi. Mutane suka dare, ya taka har tsakiyar fage, ya tsuguna a kan Nafi'u.

"Motsa ƙafarka."

Nafi'u ya motsa.

"Ɗayar."

Ita ma ta motsa. Tsohon ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"To, alƙalin rumfa," ya ce wa Nafi'u. "Kai da ka san komai. Wa ya riga taɓa ƙasa?"

Abokan Nafi'u suna ta yi masa alama daga baya, ka ce Zubair ne, ka ce Zubair ne! Nafi'u ya tofar da rairayin da ke bakinsa, hawayen zafi na bin kuncinsa.

"Wallahi Baba ban sani ba. Ban ga komai ba. Na ji dai duniya ta juye."

Barmo ya gyaɗa kai.

"Ni ma ban sani ba," ya ce a hankali. "Shekara talatin masu sona suna cewa an zalunce ni, masu ƙina suna cewa na faɗi. Kowa ya sani, ban da ni da nake ciki. Ban taɓa samun wanda zan gaya wa ya gane ba."

Ya sa hannu ya ɗago shi kamar ɗan akuya, ya juya wajen kawu. "Ku kai shi wajen mai ɗori. In ya iya sa riga, ku dawo da goronku."

Hamsatu ta zube a jikin Inna Habsu tana kuka, ba ta ma san guɗa ake yi mata ba. Zubair ya karkaɗe jikinsa ya fice, bai kalli kowa ba.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Yana kwance da ɗori saƙonta ya shigo: "Takobina, yaya kafaɗa? Ka sani daga yau ko kokawar zakaru ka tsaya kallo sai na kai ƙararka wajen Baba."

Ya amsa da hannun hagu: "Na tuba, Hamsana. Kamu ɗaya na yi a rayuwata, kuma ba zan saki ba."

An ɗaura auren ranar wata Juma'a a ƙofar gidan Barmo, ango na sanye da babbar riga a kan hannun da ke rataye. Da za a kai amarya, Barmo ya kira su biyun zaure. Ya ɗora tafin nan nasa mai kaushi a kan 'yarsa, ya dubi Nafi'u.

"Na tsorata ka, na tsorata ta, ni ma na tsorata kaina. Ku yafe wa tsoho. Ga ta nan, ka riƙe ta yadda ka riƙe wuyan Zubair. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Aka fito da ita ana guɗa, Nafi'u na biye a hankali saboda kafaɗa, har ƙofar ɗakinsu.