Ƙofar da Sallau Ya Yanka a Bushe

Faifan zarton yana cin bango a hankali, ruwa na feshi daga bakin tiyo yana kwantar da ƙura tun kafin ta tashi. Sallau ya tokare ƙafafu, ya riƙe injin da hannu biyu, ya bar nauyin ƙarfen ya yi aikinsa. Zarton fetur ba ya son a danna shi. In ka matsa masa sai faifan ya cije, injin ya yi tsalle ya nufo fuskarka. Ya sauke layin dama har ƙasa, ya koma na hagu, sannan ya haɗe su ta sama. Da ya kashe inji ya sa kafaɗa ya tura, falan kankaren ya faɗa cikin ɗakinsa, kan tsofaffin tayoyin da ya shimfiɗa.

Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta leƙo daga baranda, gefen mayafi cushe a kunnuwanta.

"An sake buɗewa?"

"An buɗe, Inna."

"To, madalla. Sai kuma ta rufe."

Ba ta faɗi ƙarya ba. Duk benayen birnin Kwarin Maje da siminti mai rai aka gina su, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna ɗinkau. A cikin kwaɓinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna kwance kamar iri a rumbu. Da zarar bango ya tsage ruwa ya shiga, sai su farka su soma fitar da dutse har tsagar ta haɗe. Tun da aka fara gini da shi babu benen da ya rushe a birnin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da kakanninsu suka sha tonon gawa a ƙarƙashin ɓaraguzai. Matsala ɗaya ce. Ɗinkau bai san ƙofa ba. Duk ramin da ba a bar shi tun ranar zubi ba, rauni ne a wurinsa.

Na'urar rabon gidaje ta ba Sallau da matarsa Ladidi ɗaki a hawa na sama, ta ba Inna na bayansu. A lissafinta ta kyauta, tunda taki guda ne kaurin bangon da ke tsakaninsu. Sai dai ɗakunan biyu a ɓangarori daban suke. Wanda zai kai wa Inna koko sai ya sauka har ƙasa, ya zagaya ginin, ya jira lif ɗin ɗaya ɓangaren. Batun ta dawo ɗaki ɗaya da su kuwa bai ma taso ba. Sallau ɗan fari ne. Matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "kai" ko "wancan", ba ita za ta shimfiɗa tabarma a gefen gadonsa ba.

Don haka ya ɓula ƙofa, kamar yadda rabin mazauna benen suka yi. Da zarton lantarki ba za ta yiwu ba, domin duk kayan lantarki a haɗe suke da ƙwaƙwalwar gini, in suka ga yanka ba ya cikin zane sai su yi shiru abinsu. Zarton fetur ba ya jin maganar kowa. Shi ya sa har yanzu ake ajiye shi a wuraren gini inda wuta ba ta kai ba, kuma a irin wurin Sallau yake cin abinci.

Ƙofar takan yi kwana biyu tana ƙofa. Daga nan gefunanta su soma kumburi, Inna ta riƙa wucewa a karkace. Sai ta koma taga da kwano kaɗai ke shiga, sai kafa da murya kaɗai ke bi, kafin wata ya mutu bango ya koma sumul. Sallau ya ɗauko inji ya sake.

A haka aka tura shi aiki wani gari, aikin ya ja. Yana can ƙofa ta rufe, Inna ta zame a banɗaki. Ladidi ta ji bugu ta bango, amma kafin ta sauka ta zagaya ta hau, tsohuwa ta daɗe kwance a ruwa da karyayyen ƙugu. Ta warke, sai dai da sanda. Tun daga lokacin Sallau ba ya wuce bangon nan bai shafa shi ba, yana auna abin da ya ci.

Wata rana da hantsi Injiniya Uwani, mai kula da ginin da suke yi, ta same shi a inuwa ya warware injinsa. Ya cire matatar iska yana kaɗe ta, ya goge fulogi, ya danna bel da yatsa ya ji ko ya saki. Ta san shi da wannan tsirfar. Ko an ce hutu ne sai ya duba faifai ya tabbatar babu tsaga.

"Ranki ya daɗe, wani abu nake son tambaya," in ji shi. "Yankan da na yi a bayan sito ranar da tankin ruwa ya ƙafe, har yau yana nan a buɗe."

"Zai zauna a buɗe," ta ce. Tana cikin waɗanda suka gwada ɗinkau tun yana ɗakin bincike. "Ruwan da kake zubawa shi ke tashin ƙwayoyin. In babu ruwa, zafin faifai yana ƙone na bakin yankan. Wurin ya mutu ke nan."

Sallau ya ajiye fulogi.

"Na ga abin da kake tunani, Malam Sallau, kuma kada ka soma. Na bakin yankan ne ke ƙonewa. Na cikin ƙurar da ransu suke tashi. Me suke jira?"

"Laima."

"Ina ya fi ƙirjin mutum laima?"

"Ai akwai takunkumi."

"Akwai. An yi shi ne don wanda zai yanke bulo ɗaya a fili, ba don mai yanka ƙofa a cikin ɗaki ba. Ka kawo mini lambar ɗakunan, in rubuta wa hukumar gidaje ta sauya muku."

Ta kuwa rubuta. Amsa ta dawo cewa iyalin suna maƙwabtaka da juna, saboda haka babu dalilin sauyi. A lokacin ƙofar ta riga ta koma taga.

Ranar Asabar da safe ya sa Ladidi ta kai Inna gidan ƙanwarsa su wuni. Ya kwashe kaya zuwa baranda, ya buɗe tagogi saboda hayaƙi. Ya auna fetur da man inji a galan, ya girgiza har launin ya haɗu, ya zuba. Ya ɗaura takunkumi. Ya ajiye injin a ƙasa, faifai nesa da komai, ya ja cok mai rage wa inji iska, ya matsa 'yar robar da ke tura mai, ya taka mariƙin baya da ƙafar dama. A ja na farko injin ya yi tari. Ya mayar da cok, ya sake fizgar igiya, ya kama. Tiyon ruwa yana rataye a ƙusa, bai ko dube shi ba.

Bai taɓa ganin ƙura irin wannan ba. Kafin ya kai rabin layin dama ya daina ganin tagar ɗakin. Faifai yana zafi, sai ya riƙa zare shi ya bar shi ya juya a iska ya huce, sannan ya mayar. Layin dama ya sauka, na hagu ya bi shi.

Yana kan na sama numfashi ya soma yi masa nauyi. Ya ja iska, ta zo kaɗan. Ya sake ja, ba ta zo ba. Ya saki makunnin inji ya taɓa matatar takunkumin, ya ji ta yi tauri kamar tsakuwa. Tururin bakinsa ya ishi ƙurar da ta maƙale a ciki. Ɗinkau ya ga ƙananan kafofi, ya ɗinke su.

Ya fizge takunkumin ya yar. Abin da ya rage a layin bai fi kamu ɗaya ba. Falan kankaren yana lilo a kan wannan ɗan ragowar, ga Inna za ta dawo da la'asar. Da ya fita baranda ya jira ƙura ta kwanta, ya je ya nemo wata matatar, da labarin ya canza. Amma kamu ɗaya ne, kuma duk mai sana'a ya san yadda kamu ɗaya ke raina kansa a ido. Ya ciro hankici ya ɗaure hanci, ya ƙarasa.

Ƙofar ta tsaya. Gefunanta baƙi ƙirin, santsi kamar bakin tukunya. Wata ya mutu, wani ya kama, ba ta motsa ba. Damina ta zo ta wuce tana nan. Inna na dogara sanda ta shigo ta karɓi jikanta daga hannun Ladidi, ta koma lokacin da ta ga dama. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, wasu na jan Sallau gefe suna tambayar yaushe zai samu sarari. Yakan ce musu injin yana wurin gyara.

Tarin ya fara ne da sanyin safiya, busasshe, ba ya fitar da komai. Daga baya ya lura fizgar igiya tana sa shi haki. Ranar da ya ja, ya ja, injin bai tashi ba har ya zauna a kan bulo yana neman iska, Injiniya Uwani ta sa shi a motarta zuwa asibiti.

Likita ya haska hoton ƙirjin a allo. Huhun ya fito kamar bishiya, ƙananan rassan ƙasa sun yi fari fat, ɗinkau ya cike su da dutse.

"Yana yaɗuwa?" Uwani ta tambaya.

"A hankali. Daga ƙananan hanyoyin iska yake tahowa zuwa manya."

"Ba a iya kashe shi?"

"Ke za ki faɗa mini, Injiniya. Me ke kashe shi?"

Ta dubi allon. "Zafin faifai," ta ce. "Mun yi shi ne yadda ba abin da zai hana shi aiki."

Ta kai hoton gaban hukuma. Hukuma ta hana yankan bushe, ta kuma tattara zartunan fetur na birnin gaba ɗaya ta kulle a sito. Ba a taɓa na'urar rabon gidaje ba. A cikin wata guda duk ƙofofin da aka ɓula a benen suka rufe, ban da guda ɗaya.

Yanzu Sallau a zaune yake kwana, da matasai a bayansa da bututun iska a hanci. Idan Ladidi ta tafi aiki, akan ji ƙwanƙwasar sanda daga ɗaya ɗakin. Inna ta shigo ta baƙar ƙofar, ba ta ko karkacewa, riƙe da kofin kunu. Ta ja kujera kusa da gadon da a da ba za ta taɓa zama gefensa ba.

Ran nan ta shigo ta tarar idonsa a rufe, ƙirjin yana ɗagawa da ƙyar. Ta ce, "Kai." Bai motsa ba. Ta ce, "Kai, wancan." Ta ajiye kofin a ƙasa, ta dafa kafaɗarsa.

"Sallau."

Ya ji. Ya buɗe ido, ya buɗe baki zai amsa, ya ja iska. Ba ta isa ba.